Bargon Malam Robine

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Tanut lokacin ɗari ya san abin da zai tarar bayan la'asar: kakana, Kaka Mamman, durƙushe kusa da zaure yana sa wa famfo kaya. Ba wasa nake ba, kaya sosai! Da tsohon buhun gero yake farawa, ya nannaɗe tiyon tun daga inda ya fito ƙasa har wuya. Ya bi da bargo, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin kayan raƙumi, wanda babu mai iya kwance shi sai shi. Daga ƙarshe ya kifa masa hula a ka, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce, "To, Malam Robine, sai da safe." Robine dai shi ne famfo da Faransanci.

Ni ce Rakiya, babbar jikarsa mace, don haka wasan jika da kaka a kaina ya ƙare. Yana ce mini Amarya, ina ce masa Tsoho, kuma babu ranar da ba ma taɓawa.

"Tsoho, wai mura yake yi ne?"

"Ke dai ba ki ga Tenere ba."

Wannan ita ce amsarsa ga komai a duniya. In aka ce shayi ya huce, ba ku ga Tenere ba. In kakarmu Iya ta ce tuwo ya yi tauri, ba ta ga Tenere ba. Har likitan da ya taɓa ce masa ya rage goro sai da ya ji ta.

Asalin abin kuwa, yana saurayi ya bi ayarin gishiri ya ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma, shi da wansa Sule, suna kula da raƙuman wani madugu. Su kai gero, su dawo da kantu da dabino. A cewarsa, wata safiya tsakanin Fashi da Bilma suka tashi suka tarar ruwan da ke cikin salkarsu ya daskare. Ya ƙwanƙwasa fatar da sanda ta amsa ƙwas-ƙwas. Suka kwance bakinta suka kifa, ko ɗigo. To ranar da babana ya jawo famfo gida, Kaka ya tsaya yana duban tiyon nan siriri, ya girgiza kai, ya ce wannan ko rabin kaurin salka bai kai ba, ranar da sanyi ya kama shi mun shiga uku.

Babana ya ce, "Baba, nan fa Damargu ne. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ruwa ya daskare ba."

Kaka ya dube shi sama da ƙasa. "Yaushe aka haife ka?"

Babban abokin gardamarsa shi ne Malam Idi tela, amininsa tun suna yara. Kullum bayan sallar asuba dattawan unguwa sukan zauna a ƙofar shagon Malam Idi su kewaye tukunyar shayi, kuma da sanyi ya shigo labarin salka yake shigowa tare da shi. Kaka zai fara, Malam Idi ya bari sai ya kai wurin ƙwas-ƙwas, sannan ya ɗago kai.

"Mamman, na manta, wane raƙumin ne ya ɗauko muku firij ɗin?"

"Idi, kai iyakar tafiyarka Belbeji, shi ma sai da ka yi amai a mota!"

Haka suke, shekara da shekaru. Kaka yana da shaidu uku cikin waɗanda suka yi tafiyar tare, amma duk sun warwatsu, wani a Olelewa, wani can wajen Tarka, wani ma ba a san inda yake ba sai da labarin rasuwarsa ya zo. Duk wanda ya rasu a cikinsu, Kaka zai je gaisuwa, ya dawo ya zauna ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki. Amma ya tafi bai faɗa wa Idi ba."

Mu dai dariya muke yi. Ban lura ba a lokacin cewa abin yana cinsa. Mutum ne da ake ba wa ajiya ba tare da shaida ba, wanda in ya ce ya gani to ya gani, amma a kan wannan magana guda ɗaya gari ya sa masa suna Mai Ƙanƙara, yara suna faɗa a bayansa. Abin da yake so a duniya bai wuce mutum ɗaya ya ce masa, Mamman, gaskiyarka ne.

Wata shekara tari ya matsa masa, babana ya sayo masa sabon bargo daga Damagaram, mai laushi, mai zanen furanni. Kaka ya shafa shi, ya sa albarka har babana ya ji kunya. Da safe Iya ta fito ɗibar ruwan alwala, sai ga furanni a jikin Malam Robine, shi kuwa mai gida yana ɗaki cikin tsohon bargonsa mai ɓula uku yana ƙoƙ-ƙoƙ.

Iya ta riƙe baki. "Malam! Kai ne mai tari ko shi?"

"Ni in na ji sanyi ina da bakin faɗa. Shi fa?"

Iya ta ce ita dai ta ga ta kanta. Sai da aka kai ga sulhu: da dare bargon na Kaka ne, amma daga la'asar zuwa isha na famfo ne, don ya ɗan ɗumama kafin a mayar masa da tsohon.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da wani tsohon abokinsa makiyayi ya zo daga wajen Tarka ya kawo masa cuku. Dab da magariba ne, kuma idon bawan Allah ya yi rauni. Ya yi sallama ya wuce zaure, sai ya ga mutum zaune cikin bargo da hula. Ya durƙusa a gabansa ya fara gaisuwa irin tasu da ba ta ƙarewa. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, ina labarin gari. Kaka yana bayan rumfa yana alwala, maimakon ya fito sai ya dinga amsawa daga can. Lafiya lau. Sai godiya. Lokacinsa ne. Ni ina bakin murhu na cusa zani a baki don kada in fashe. Can baƙon ya miƙa hannu cikin bargo don su gaisa, ya kamo bakin famfo.

"Kai! Mamman, hannunka ya yi sanyi ƙwarai!"

Kaka ya fito da buta a hannu, ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Ba ni na faɗa ba."

Ban da sa wa famfo kaya, yana da wata al'ada. Kullum da yamma sai ya zuba ruwa a wani ƙaramin kwano ya ɗora a kan katanga, in ya dawo daga masallaci da asuba ya tsoma yatsa. Ruwa ne, kullum ruwa ne. Sai ya ce, "Saura kaɗan," ya zuba wa kaji.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na yi nadama. Shekarar da za a yi mini aure ne, ina ji da kaina, ina ganin babu wanda ya kai ni iya tsokana. Na karɓo ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu mai firij, irin wadda ake ƙullawa a leda. Da Kaka ya tafi masallaci na yage ledar, na zubar da ruwan kwanon, na saka ƙanƙarar, na laɓe a bayan rumfa. A tunanina zai yi ihu, in fito in yi masa gwalo, ya bi ni da sanda, a yi dariya a gama.

Bai yi ihu ba. Ya tsoma yatsa, ya tsaya cak. Ya sauke kwanon da hannu biyu. Kafin in buɗe baki ya fice, takalmi ɗaya a ƙafa, ya nufi shagon Malam Idi. Na bi shi har bakin zaure na tsaya.

Daga inda nake ina hango su. Dattawa suka miƙe suka kewaye shi. Malam Idi ya ɗauki ƙanƙarar, ya juya ta, ya sake juyawa. Ga shatin leda a jikinta, har da ɗan tsukukun wurin ƙulli.

"Mamman," in ji shi, "ashe sanyin bana a leda yake zuwa."

Dariyar da aka yi har mai ƙosai ta leƙo. Kaka ya dawo a hankali, ya ajiye kwanon a gabana, ya ce, "Amarya, kin iya wasa." Ya shige ɗaki.

Daga ranar bai sake ɗora kwano a katanga ba, bai sake ba da labarin salka ba. Ko "ba ku ga Tenere ba" ɗin ma ya daina. Famfo kawai ya ci gaba da rufewa, shi ma shiru, babu sai da safe. Gidan ya zama wani iri.

Iya ce ta kira ni ɗaki bayan kwana biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Kin san wanda ya narkar da salkar?"

Na ce ban sani ba. A labarin da yake ba mu, a ƙwas-ƙwas ake tsayawa, don a nan Malam Idi yake katse shi.

Ta ce a safiyar nan Kaka zazzaɓi ne ya kayar da shi, yana ta kiran ruwa, ruwa kuma ya zama dutse. Wani ya ce a kara salkar a wuta, Sule ya hana, ya ce fatar za ta fashe su rasa duka. Sai ya ture tokar wutar jiya, ya kwashi yashin da ke ƙarƙashinta mai sauran ɗumi, ya tuɓe rigarsa ya zuba a ciki, ya naɗe salkar da ita, ya rungume ta a cikinsa. Haka ya zauna ba riga cikin sanyin nan, in yashin ya huce ya sake kwaso wani, har ruwa ya fara ɗiga ya ba ƙanensa. Shekara ba ta zagayo ba Sule ya rasu. Bai bar ɗa ba, babu hotonsa, kabarinsa ma ba a ƙasar nan yake ba.

"Labarin nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa na ɗan'uwansa," in ji Iya. "In aka ce ƙarya ne, to Sulen ma ba a yi shi ba ke nan."

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri ina kuka. Ya dafa kaina ya ce ya yafe, ai wasan jika ne, in jika ba ta yi ba wa zai yi. Na san ya yafe ɗin har zuciyarsa. Amma labarin bai dawo ba, har aka kai ni ɗakin miji.

Mijina Abdu magini ne, aiki ya kai mu Tamanraset a Aljeriya. Gari ne mai duwatsu, kuma sanyinsa ba irin namu ba ne, shiga ƙashi yake yi. Gidan da muke haya tankin ruwansa a kan rufi yake, tiyo ya biyo bango ta waje ya sauko tsakar gida. A shekararmu ta uku, tsakiyar ɗari, na tashi da safe zan ɗora ruwan kunun yara, na murɗa famfo. Shiru. Na sake murɗawa. Na ce wa Abdu tanki ya ƙare. Ya hau ya duba, sai na ji ya kira ni da wata irin murya.

"Rakiya! Tanki cike yake. Amma zo ki gani."

Saman ruwan ya yi ɓawo fari. Na sauko na taɓa tiyon, na ƙwanƙwasa shi da cokali. Wallahi ƙwas-ƙwas ya amsa.

Ga yara biyu suna kuka, babu ko kofi ɗaya na ruwa a gidan sai ɗan abin da ya kwana a buta. Ta kan katanga muna jin maƙwabcinmu yana salati, ya sheƙa wa nasa tiyon tafasasshen ruwa ya tsage. Abdu ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramin murhun gas, wai zai bi namu da wuta.

"Kada ka kuskura!"

"To da me za mu narkar da shi, da addu'a?"

Na ce ya ba ni murhun. Gidan magini ba ya rasa yashi. Na ɗebo cikin kasko, na ɗora, na shiga juyawa kamar yadda muke yi a gida in za a soya gyaɗa. Na yanke ƙafafun wani tsohon wandonsa, na ƙulle baki ɗaya, na ɗura yashin da zafinsa daidai yadda hannu zai iya riƙewa, na ƙulle ɗaya bakin. Na ɗan buɗe famfon don ruwa ya sami hanya. Na fara naɗawa daga wajen bakin ina yin sama, na lulluɓe da bargonmu, in wannan ya huce in kawo wani. Abdu yana tsaye hannu a aljihu.

"Wai gyaɗar fa, sai yaushe?"

Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. "Kai dai ba ka ga Tenere ba."

Mun fi rabin awa muna abu ɗaya. Can famfon ya ɗiga. Ya sake ɗiga. Ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa yana fitowa da gutsattsarin ƙanƙara. A gefe akwai wani guntun tiyon roba da muke wanki da shi, na ɗauka na girgiza, sai ƙanƙara ta zamo daga ciki, doguwa, siririya, siffar tiyon sak. Na riƙe ta a hannu ina kuka, Abdu yana tambayata ko ƙonewa na yi.

Ko kunun ban dama ba na kira salular babana, kiran bidiyo. Na ce ina Kaka? Ya ce yana wurin shayi. Na ce don Allah ya kai masa yanzu-yanzu, kafin ta narke.

Sai ga fuskokin dattawa sun cunkushe a allon. Na ɗaga ƙanƙarar.

"Malam Idi, ina kwana. Don Allah ka sa tabarau ka duba da kyau. Akwai leda?"

Na juya ta gaba da baya. Na ba Abdu salular ya hau rufi, ya nuna musu tankin, ya fasa ɓawon da yatsa suna kallo. Ya nuna musu tiyon maƙwabci da ya tsage. Malam Idi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mamman," ya ce, "ashe da gaske ne. Gaskiyarka ne."

Na zaci Kaka zai miƙe ya taka rawa. Ko kallon Malam Idi bai yi ba. Ya karɓi salular ya kawo ta dab da fuska, hanci kawai nake gani.

"Amarya, ba ki dai sa masa wuta ba ko?"

"A'a, Tsoho. Yashi na soya, na naɗa masa."

Hancin ya tsaya. "Yashi? Wa ya koya miki?"

"Sule."

Allon ya karkace, na ga sama, na ga rumfar shago, na ga gefen rawani yana goge ido. Da ya dawo sai ya ce:

"Yaran fa? Kin rufe su da kyau?"

Na ce na rufe su. Ya ce in ƙara. Sannan na ji ya juya yana cewa, "Idi, zuba shayi, kuma ka rufe mini baki. Yau tun daga farko zan fara, har ƙarshe." Babana ya ce sau uku Kaka ya ba da labarin a ranar, kowane karo salkar tana ƙara girma, babu wanda ya katse shi.

A bazarar shekarar Allah ya karɓi abinsa, Kaka ya rasu cikin zafin da ko inuwa ba ta zaunuwa. Ban samu ganinsa ba, sai gaisuwa na zo.

Bana na sake zuwa gida cikin ɗari. Kwana na biyu, bayan la'asar, muka ji sallama a zaure. Malam Idi ne yana dogara sanda, da ƙunshi a hammata. Ya wuce kai tsaye wurin famfo, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance ƙunshin. Riga ce. Riga ta gaske, ɗinkin tela, an haɗa ta da ƙyallayen shago an cusa auduga, daidai tsawon tiyon, har da maɓallai guda biyar. Iya ta ce tun shigowar sanyi kullum sai ya zo, ya sa da yamma, ya dawo ya cire da safe.

Na ce, "Malam Idi, har yau fa ruwa bai taɓa daskarewa a Tanut ba."

"Na sani, 'yar nan." Ya ɓalla maɓalli na ƙarshe, ya kifa hular Kaka a kai, ya gyara mata zama. "Amma ni ban ga Tenere ba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Mu duka biyu muka tsaya muna kallon famfon, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗa. Ni na faɗa: "Malam Robine, sai da safe."

Allah ya jiƙan Tsohona. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mini wasan da na yi masa. Allah ya haɗa shi da Sule a inda babu zazzaɓi babu ƙishirwa, ya shayar da su da hannun rahamarsa. Amin.